'Yar Cinya

"Ba zan ɗauka ba, Allah gafarta Malam."

Rauda ta faɗi haka tana durƙushe a bakin katifa, kofin kunu a hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Malam Abdulmannan, wanda ke tsaye a ƙofar ɗakin ya tare hasken la'asar da babbar rigarsa, ya yi kamar bai ji ba. Shekara uku ke nan tana koyar da lissafi a makarantarsa, bai taɓa ba ta umarni ya maimaita ba.

"Malama Rauda, cewa na yi ki ɗauke wannan abin daga gefen marar lafiya, ki fitar da shi waje."

"Na ji, Malam. Mai ita bai ce in ɗauka ba."

Mai ita kuwa yana nan kwance, an jingina shi da matashi biyu domin numfashi ba ya yarda ya miƙe. Sajan Arzika ke nan, yayan Malam uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda, wanda duk unguwar take kira Baba Saje. Ƙafafunsa sun kumbura har sun yi sheƙi. Hannunsa na dama yana bisa abin da ake magana a kai: wata begila ta tagulla, mai murɗaɗɗen ciki kamar hanjin rago, da maɓallai uku da faffaɗan baki.

Ya buɗe ido ɗaya ya dubi ƙanensa.

"Mannan, tun kana gudun jaki nike busa. Yau ne ka san tana ɗakina?"

"Yaya, ba lokacin wasa ba ne. Likita ya faɗa mana abin da ya faɗa. Ɗakin da ake jiran irin baƙon da kake jira, ba a barin kayan kiɗa a cikinsa."

"Baƙon ya san ni da ita," in ji Baba Saje. Ya dakata ya jawo iska. "In ya zo ya ishe ba ta nan, sai ya ce ya ɓata gida."

Inno, matarsa, da ke zaune bayan labule tana fifita, ta ce, "Subhanallahi, Saje," amma muryarta ta kasa ɓoye dariyar.

Malam bai yi dariya ba. Ya dubi yayansa tsawon lokaci, idonsa ya yi ja, ba na fushi kaɗai ba. Da hannunsa zai iya ɗauke ta, amma bai taɓa taɓa ta ba tun da aka kawo ta gidan, kuma ba yau zai fara ba. Ya juya ga Rauda.

"Gobe ki same ni a ofis kafin a shiga aji."

"To, Malam."

Da sawunsa ya ɓace a zaure, Baba Saje ya ce, "Kofur, kin jawo wa kanki."

"Sha kununka, Baba."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan su Rauda da na Baba Saje, a bayan tashar Kankia, inda ƙarar manyan motocin hanyar Kano ba ta yankewa. Allah bai bar wa Saje da Inno haihuwa ba. Ita kuwa Rauda tana da shekara bakwai mahaifinta ya rasu, ya bar ta da uwarta Hannatu da keken ɗinki. Man keken nan ne ya fara haɗa su. Saje yakan aiko a ɗiga masa kaɗan a murfin kwalba, ya sirka da kananzir ya shafa wa maɓallan begilarsa, kuma Rauda ake aika. Ranar farko ta kai man ba ta zubar da ko ɗigo ba, ya dube ta ya ce, "Wagga yarinya kofur ce." Sunan ya bi ta har ta gama digiri.

A takardun 'yan badujala tuba ake rubuta wa irin wannan begila, amma su a bakinsu bas ce, ita ce mai muryar ƙasa wadda sauran ke takawa a kanta. Wadda ya busa shekara talatin a bariki ƙatuwa ce, mutum yake shiga cikinta ya saɓa a kafaɗa, kuma ta gwamnati ce, ranar da ya yi ritaya ya mayar. Ya samo wata tsohuwa a Kano, sai ya tarar da abin da bai taɓa tunani ba lokacin da motar bariki ke ɗaukarsu: duk motar hayar da ya tsayar, sai direba ya ce ko dai ya biya mata kujera, ko a ɗaure ta a saman mota tare da buhunan gero. Sau ɗaya ya yarda aka ɗaure ta, ta sauka a lotse.

Sai ya ɗauke ta ya koma Kano wurin wani mai gyaran kayan busa a Sabon Gari, ya zauna a kansa mako uku. Aka warware bututun aka sake naɗe shi a matse, aka rage faɗin bakin, aka yi masa zare yadda za a iya kwance shi a kifa a kan jikin kamar murfin tukunya. Da aka gama, duk ta shige jakar leda mai zif, ta zauna daidai a kan cinya. Daga ranar babu direban da ya ƙara karɓar kuɗin kujerarta. 'Yan tasha suka sa mata 'Yar Cinya.

Da ita ya zaga makarantun yankin nan yana koya wa yara fareti. Amma Kusada ce tasa. Can akwai Dawuda, wani malamin sakandare da ya koya a hannunsa, yana riƙe da 'yar badujalar makaranta: ganguna shida, ƙananan begila huɗu, babu bas. Shekara goma sha tara, duk Ranar Yara, Saje ne ke zuwa ya tsaya a bayan layi ya riƙe musu ƙasa. Wata rana Dawuda ya nuna masa a waya cewa yanzu Turawa ma suna ƙera ƙananan bas na matafiya, masu shiga akwatin hannu. Saje ya kalli hoton ya ce, "Sun makara."

Washegarin saɓaninta da Malam, Rauda ta isa ofis kafin a buga ƙararrawa. Malam ya nuna mata benci. Ya daɗe yana gyara littattafan da ba su buƙatar gyara.

"Kin san mahaifinmu ya yi shekara goma sha ɗaya bai amsa gaisuwar Yaya ba?"

"Ban sani ba, Malam."

"Saboda wannan abin. Gidanmu gidan allo ne tun kakanni. Ya gudu ya shiga ɗan sanda, wannan an haƙura. Sai aka ji wai busa yake yi. Ni nake kai masa tuwo a ɓoye in ya zo gari, ina yaro." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ba ƙiyayya ba ce, Malama. Yayana ne, shi kaɗai ya rage mini. Ina so in an zo ɗaukarsa a same shi da carbi a hannu, ba da tagulla ba. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Amma carbin yana hannunsa na hagu, Malam, kun gani jiya. Ban taɓa jin an kira salla ya ci gaba da busa ba."

"Ke kike shiga ɗakin kullum. Ke yake jin maganarki. Ki ɗauke ta yana barci."

"Sata ke nan."

"Taimako ne."

"Idan ya farka ya lalubi gefensa bai ji ta ba, ni zai kalla. Ba zan iya ba, Malam. Kome kuka sa ni a makarantar nan na yi, har ajin da ba nawa ba na riƙe wata huɗu. Wannan ba aikin makaranta ba ne."

Malam ya mayar da tabaransa. "Karatun boko yana sa mutum ya ga kamar kowace magana lissafi ce, sai an kawo masa hujja."

"A ajinku na fara koyon neman hujja, ina 'yar shekara tara."

Malam ya juya ga littattafansa. Ya ce ta tafi aji.

A gida Hannatu ta tare ta, ƙafa a kan keke, zare a baki.

"Ke mi ya kai ki shiga tsakanin 'yan'uwa? Su jini ɗaya ne, gobe su shirya, ke a bar ki a waje. Albashin nan da kike gani shi ne shinkafarmu. Kuma rabin ɗinkin da nike samu daga gidan Malam yake fitowa."

"Inna, wa ya raka ni Katsina ranar da zan yi rajistar jami'a, da kawunaina suka ce ba su da lokaci?"

Hannatu ta cire zaren daga baki. "Na sani."

"Da begilar a cinyar Baba muka tafi. Ya tsaya a rana tun safe har azahar, da wani ma'aikaci ya daka mini tsawa na fara kuka, ya ce, 'Ɗaga kai, Kofur, ba roƙo kika zo ba.' To na ɗaga. Yanzu kuma sai in sauke?"

Hannatu ta mayar da zaren baki. Ta taka keken da ƙarfi fiye da yadda ɗinkin yake buƙata.

Kowace safiya kafin ta wuce makaranta Rauda takan shiga ta yi wa 'Yar Cinya abin da yatsun Saje suka daina iyawa. Ta kwance maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta goge, ta ɗiga mai, ta mayar kowane a raminsa, domin in aka musanya su iska ba ta wucewa. Ta goge jikin da toka da lemun tsami. Sannan ta tallafa masa ita a ƙirji, ya sa leɓe, ya busa murya guda ɗaya, ta can ƙasa, wadda ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Ita kuma ta ƙirga.

Haka 'yan bas suke gwada numfashinsu, in ji shi. A bariki yana kai arba'in. Farkon ciwon nan yana kai goma sha biyar.

"Nawa?"

"Tara, Baba."

"Ƙarya kike. A hankali kike ƙirgawa."

"Ni malamar lissafi ce."

"Shi ya sa. Ku ne kuka iya cuta."

Bayan kwana huɗu ya zama shida. Zafin bazara ya tsananta, ganyen bishiyar bedin tsakar gida ya daina motsi, Inno ta riƙa jiƙa zane tana shimfiɗa masa a ƙafa. Malam yana zuwa kullum bayan la'asar, ya zauna a bakin ƙofa ya karanta masa Yasin, ya juya wa kusurwar da begilar take baya. Bai sake yi wa Rauda maganar ba. A makaranta kuwa ya daina amsa gaisuwarta da suna.

Ranar Litinin ƙirgen Saje ya sauko uku. Ya sauke kai a matashi, ya daɗe yana haki.

"Inno, matso ki ji. Ke ce shaida." Inno ta matso. "Kofur, saura kwana nawa Ranar Yara?"

"Tara."

"Ba ni zuwa bana. Ita za ta je. Ki kai ta Kusada, ki sa ta a hannun Dawuda, ba a hannun ɗan aike ba. Akwai wata ɗiya a ajinsa mai faɗin ƙirji, ya ce tana iya ɗauka. Na ba su, kyauta." Ya kama wuyan hannunta, riƙon ya fi yadda ta zata ƙarfi. "Na san Mannan. Ba mugu ba ne. Zai sa a farfasa ta a sayar wa 'yan gwangwan, ya yi mani sadaka da kuɗin, ya ga ya cece ni. Kada ki bari a ɗora ta a sikeli."

"Ba za a ɗora ba."

"Kada ki ce haka da sauri. Shina iya korarki."

"Na sani, Baba."

Ranar Talata da hantsi Inno ta leƙo ta katanga ta kira ta. Rauda ta riga ta sa hijabin makaranta, ta ajiye jakarta ta shiga. Saje ya nuna begilar da ido. Ta ɗora masa. Ya sa leɓe ya hura, iska ta bi bututun ta fito ta baki, shuu, babu murya. Ya sake gwadawa. Babu.

"Nawa?" ya ce, da ɗan murmushi.

Ta gyara riƙon begilar a ƙirjinsa.

Sai ya kai hannu da kansa ya kama faffaɗan bakin, ya fara murɗawa. Yatsun suna zamewa. Ta kai hannu za ta taimaka, ya ce, "Bari." Ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin zaren ya saki. Ya kifa bakin a kan jikin yadda ya saba yi in an tashi daga fareti, ya shafa shi sau ɗaya.

"An tashi. Sa ta a jaka ki kai ɗakinku. Ni na ce, ba wani ba." Ya jawo iska. "Sannan ki kira mani ƙanena."

Ta kai jakar ƙarƙashin gadon uwarta, ta ruga makaranta. Malam yana tsakiyar darasi, da ya ga fuskarta ya ajiye littafin a buɗe. Da suka shiga ɗakin, idonsa ya fara zuwa kusurwar nan, ya ga wayam. Ya durƙusa, ya ɗora kan yayansa a cinyarsa.

"Ka gani, Mannan? Na share maka ɗakin."

"Yi shiru, Yaya. Ka bi ni."

Ya riƙa faɗa masa kalmar shahada a hankali, Saje yana bi, kalma ɗaya numfashi ɗaya. Rauda tana tsaye a bakin ƙofa, ta tsinci kanta tana ƙirga tsakanin numfashi da numfashi. Huɗu. Bakwai. Goma sha ɗaya. Ta kai ashirin, ta wuce, ta kai talatin, sai ta ji Inno ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Kafin la'asar an kai shi.

An yi sadakar uku ranar Juma'a. Ranar Asabar da safe, Rauda tana shanya wanki, aka yi sallama a ƙofar gidansu. Ta zura hijabi ta fita. Malam ne da dattawa biyu na unguwa. A gefe, ƙarƙashin inuwar katanga, wani ɗan gwangwan ya jingine kurarsa, sikeli mai ƙugiya yana reto a hannunsa, da guduma a cikin kurar.

Ta durƙusa ta gaishe su, ta yi musu ta'aziyya. Malam ya amsa. Ya rame a kwana huɗun nan.

"Malama Rauda, akwai kayan mamaci a wurinki. Ni ne magajinsa. Ba na son ko kwabo a ciki. Za a fasa a auna, a sayi hatsi a raba wa mabukata, ladan ya je masa."

"Ba kayansa ba ne, Malam. Ya bayar tun yana da rai, da bakinsa, a gaban shaida. Ni ɗan aike ce kawai."

"Kyautar mai ciwon ajali wasiyya ce."

"Haka ne. Kuma ba ta kai sulusin abin da ya bari ba, ba kuma magaji ya ba wa ba. A ajinku na fiƙihu na koya."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi tari ya kalli ƙasa.

"Wasiyya ba ta tabbata a kan abin da bai halatta ba," in ji Malam. "Wannan ma na faɗa a ajin. Halan ranar ba ki zo ba."

"Na zo. Na kuma ji kun ce amana ana mayar da ita ga wanda aka ce a kai wa. Idan akwai laifi a busa, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma kun ji abin da ya cika da shi, a cinyarku. Ni abin da ke wuyana shi ne in kai."

"Wa ye shaidar?" in ji dattijon na biyu.

Muryar ta fito daga bayan katanga, daga gidan da ake takaba. Inno ba ta leƙo ba, amma kowa ya ji ta.

"Ni ce. Ya ce a kai Kusada. Malam, ka bar ɗiyar mutane ta sauke abin da aka ɗora mata. Shekara arba'in ina jin ƙarar abin nan a kaina, in akwai mai son a fasa ta ni ce. Amma ya ce a kai."

Ɗan gwangwan ya sauya ƙafa. "Alhaji, in ba a sayarwa in wuce, rana tana yi."

Malam bai kula shi ba. Ba mutumin da zai sa a shiga ɗakin mace a ƙwato kaya ba ne, Rauda ta san haka, shi ma ya san ta sani. Ya yi magana a hankali, yadda yake yi in zai yanke hukunci a makaranta.

"Iyaye sun ba ni 'ya'yansu ne saboda sun san abin da nake koyarwa. Ba zan ce musu abu haramun ne da safe, da rana su ga malamarsu ta ratsa gari da shi a ka ba. Idan kika kai ta tasha, kada ki dawo mini aji ran Litinin."

Hannatu tana tsaye a zaure, Rauda tana jin numfashinta a bayanta. Ta jira ta ji uwar ta ce wani abu. Sai uwar ta matsa gefe, ta ba ta hanya.

Rauda ta miƙe ta shiga ciki. Ta fito da abu biyu: makullin kabad ɗin ajinta da rajistar ɗalibai a hannu ɗaya, jakar leda mai zif a ɗaya hannun. Ta durƙusa ta ajiye makullin da rajistar a gaban Malam.

"Na cike makin gwajin aji biyar, yana shafin ƙarshe. Sumayya tana buƙatar a zaunar da ita a gaba, ba ta gani sosai. Na gode da riƙon da kuka yi mini, Malam. Allah Ya jiƙan Baba."

"Amin," in ji Malam, muryarsa ta karye a tsakiya.

Akwai lungun da ke bi ta bayan gidaje ya ɓulla tasha. Ba ta bi shi ba. Ta ɗora jakar a ka ta bi babban titi, ta gaban masu shayi, ta gaban ƙofar makarantar, inda 'yan hadda na ranar Asabar suka leƙo ta taga suna nuna ta. Zif ɗin jakar ya daɗe da lalacewa a gefe ɗaya, tagullar tana leƙowa tana ɗaukar rana.

A tasha motar Kusada saura mutum ɗaya. Ɗan kamasho ya tare ta.

"Hajiya, wanga kaya sai but, ko ki biya kujera biyu."

"A cinya take zama."

Direban, wani mai furfura a gemu, ya zagayo yana goge hannu da tsumma. Ya leƙa jakar.

"Kai! 'Yar Cinya ce wannan. Ina Saje?"

"Ya rasu ran Talata."

Ya tsaya da tsumman a hannu. "Allahu akbar. Allah Ya jiƙan Saje. Shekara nawa shina cutata kuɗin kujera." Ya juya ga ɗan kamashon. "Buɗe mata gaba."

Ta sami Dawuda a filin makaranta da yaransa, suna gwajin fareti a rana, ganguna da ƙananan begila suna ta ƙara sama-sama kamar gini babu tushe. Da ya hango jakar ya ɗaga hannu, kiɗan ya tsaya. Ya riga ya ji rasuwar, ya je jana'iza, amma bai san da wannan ba. Ta sa jakar a hannunsa, ta faɗa masa saƙon kalma da kalma. Ta nuna masa murfin kwalbar man, ta ce kada a musanya maɓallan.

Ya ɗaura bakin. Bai busa ba. Ya kira wata doguwar yarinya daga layin baya, Safiyya, ya tallafa mata. Ta sa leɓe, farko abin ya yi wani irin kuka har yara suka fashe da dariya. Ta gyara tsayuwa ta sake. Sai muryar ta fito, ta can ƙasa, ta bi ƙasar filin ta hau ƙafafun Rauda.

Rauda ba ta yi niyyar ƙirgawa ba. Goma sha bakwai.

"Malama, ki tsaya ki ci abinci," in ji Dawuda. "Ko kina da aji?"

"Ba ni da aji," ta ce. "Amma zan koma, Inna tana jira."

Motar da ta kawo ta ita ta mayar da ita. Ranar Litinin za a buga ƙararrawa ba da ita ba. Albashin ya tafi, ɗinkin gidan Malam ya tafi, kuma a garin nan babu wata makarantar kuɗi da za ta ɗauki malamar da Malam Abdulmannan ya sallama. Ta san duk wannan tun kafin ta ɗora jakar a ka. Gonaki suna wucewa a share, ana jiran ruwan farko. Ta duba cinyarta. Man maɓallan ya ɗiga ya yi tabo a farin hijabin, zagaye kamar kwabo, yana warin kananzir. Ta ɗora hannuwanta biyu a wurin, ta bar su a nan har Kankia.